Daga Milimita Zuwa Kilomita: Yadda Ake Juya Awon Tsawo Ba Tare Da Asara Ba



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzon tsira, ina miƙa gaisuwa ga mai girma shugaban wannan taro, da mai masaukinmu shugaban makaranta wanda ya ba mu wannan zaure, da iyayenmu dagatai da masu unguwanni da suka bar harkokinsu suka zo. Ina gaishe da 'yan'uwana malaman firamare da na sakandare. Ina gaishe da shugabannin magina da kafintoci da teloli da masu walda, da iyayenmu mata ma'aikatan lafiya da nake hangowa a sahun dama, da 'ya'yanmu ɗalibai. 

An ce in yi magana a kan yadda ake juya awon tsawo daga wani mataki zuwa wani, wato daga milimita zuwa santimita, daga santimita zuwa mita, daga mita zuwa kilomita, da komowa baya. Wani zai ce, ai wannan darasin 'yan aji huɗu ne, me ya kawo shi gaban dattawa? Amsata ita ce, yaro yana barin darasin a aji huɗu, amma darasin ba ya barinsa. Zai iske shi a shagon tela, a bakin gini, a gona, a asibiti, da ranar da zai sayi fili. Abin da nake son kafawa a yau shi ne, lissafin kansa ba shi da wuya ko kaɗan. Inda ake faɗuwa shi ne a riƙe lamba a baki alhali ido bai san girman abin da lambar take nufi ba.

Na ɗaya: daga ina mita ta fito?

Kakanninmu ba su rasa magwaji ba. Masaƙi yana auna sawaye da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Mai haƙar rijiya yana faɗin zurfinta da gaba, wato buɗewar hannu biyu. Akwai taƙi, akwai dani, akwai taku na ƙafa. Da waɗannan aka gina ganuwa, aka ɗinka riguna, aka raba gonaki. Illarsu ɗaya ce, kuma kowa ya san ta: kamun dogo ya fi kamun gajere. Idan mai saye da mai sayarwa ba tsawonsu ɗaya ba, hannun wa za a bi?

Faransa ta sha irin wannan rikici fiye da mu, domin kafin juyin juya halinsu kusan kowane lardi da nasa magwajin. A shekarar 1791 masanansu suka yanke shawarar a ɗauko magwaji daga abin da ba mallakar wani sarki ba ne, wato duniya kanta. Suka ce a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa ta duniya da layin da ya raba ta biyu, ta hanyar da ta ratsa birnin Paris, a raba shi gida miliyan goma, kashi ɗaya shi ne mita. Daga 1792 masana biyu, Delambre da Méchain, suka shiga auna ƙasa tsakanin Dunkirk a arewacin Faransa da Barcelona a Sifen, aikin da ya ci musu shekaru ana tsakiyar yaƙi. A 1799 aka ƙera sandar ƙarfen filatinam aka ajiye, aka ce wannan ita ce mita. Shi ya sa har gobe kewayen duniya yake kusan kilomita 40,000. Ba dace ba ne, daga can aka yanko mitar.

Ranar 20 ga Mayu, 1875, ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita a Paris. Daga baya aka ga cewa sandar ƙarfe tana iya lalacewa ko ta ɓata, sai a 1983 aka ɗaure mita da gudun haske: ita ce nisan da haske yake ci a sararin da babu iska cikin kashi ɗaya bisa 299,792,458 na daƙiƙa. Ba na buƙatar kowa ya haddace wannan lamba. Abin da nake so mu riƙe shi ne, mitar da ke kan tef ɗin kafinta a nan garin ita ce ta Maraɗi, ita ce ta Makka, ita ce ta Sin.

Na biyu: komai goma-goma ne

Dattawan da ke nan sun tuna lissafin fam da sule. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Ranar 1 ga Janairu, 1973 aka kawo naira da kwabo, lissafi ya koma ɗari-ɗari, ciniki ya yi sauƙi. A cikin waɗannan shekarun ne kuma Nijeriya ta karɓi tsarin mita a hukumance, da dokar awo da ma'auni ta 1974. Tsohon awon Ingila haka yake da rassa kamar tsohon kuɗinsu: inci 12 ƙafa ɗaya, ƙafa 3 yadi ɗaya, yadi 1,760 mil ɗaya. Wa zai faɗa mini inci nawa ne a mil biyu da rabi ba tare da biro ba?

Tsarin mita kuwa bai san wata lamba ba sai goma. Milimita 10 su ne santimita ɗaya. Santimita 100 su ne mita ɗaya. Mita 1,000 su ne kilomita ɗaya. Daga nan kowa zai iya fitar da na huɗu da kansa: mita ɗaya milimita 1,000 ce. Akwai desimita da dekamita da hektomita a littafi, suna cike matakalar ta zama goma-goma daga ƙasa har sama, amma a wajen aiki da wuya ka ji an ambace su. A ganina kada malami ya ɓata mako uku yana sa yara rera sunaye bakwai a jere. Huɗun nan da ake rayuwa da su, a fara zaunar da su.

Dangantakar mita da santimita daidai take da ta naira da kwabo. Wanda ya san kwabo 250 naira biyu ce da kwabo hamsin, ya riga ya san santimita 250 mita 2.5 ce, ko da bai taɓa shiga aji ba.

Na uku: tambayar da ake yi kafin a taɓa biro

Yara da yawa sun haddace cewa ana ninkawa ko ana rabawa, amma idan aka ba su tambaya sai su tsaya: wanne ne a nan? Sai su yi canki-canka. Maganin wannan tambaya ɗaya ce: lambar da zan samu, girma za ta yi ko raguwa? Idan za ka auna abu da ƙaramin magwaji, dole ka aza shi sau da yawa, don haka lamba za ta girma, sai ka ninka. Idan da babban magwaji ne, sau kaɗan za ka aza shi, lamba za ta ragu, sai ka raba. Mita 3 zuwa santimita: magwaji ya ƙanƙance, lamba ta girma, 300. Mita 4,500 zuwa kilomita: magwaji ya girma, lamba ta ragu, 4.5. Ninkawa da 10 ko 100 ko 1,000 kuwa ba komai ba ne illa gusar da ɗigo zuwa dama, gurbi ɗaya ko biyu ko uku. Rabawa, gusar da shi hagu.

Yanzu ga ramin da ya fi cin mutane, ina roƙon ku saurara da kyau. Mita ɗaya da santimita biyar, yaya ake rubuta ta? Na ji wasu daga baya sun ce 1.5. A'a. 1.05 ce. Gurbi biyu ne na santimita bayan ɗigo, idan biyar ce kaɗai dole sifili ya tsare gurbin farko. Wanda ya rubuta 1.5 ya ce mita ɗaya da rabi, ya ƙara santimita 45 da babu su. Idan mai walda ne, tagar da ya haɗa ba za ta shiga ramin da magini ya bari ba, ga ƙarfe ya tafi, ga rigima da mai gida. Haka kilomita biyu da mita hamsin: 2.05 ce, domin mita 2,050 ce. Wanda ya rubuta 2.5 ya ƙara mita 450. Idan kwangilar bututun ruwa ce, kuɗin jama'a ne ya zube a wannan sifilin guda.

Na huɗu: inda lambobin suke aiki

A nan zan ɗan daɗe, ku yi mini haƙuri, domin nan ne zuciyar maganar.

Mu fara da bakin gini. Idan injiniya ya miƙo zanen gida, za ka ga an rubuta 3600 a gefen ɗaki, 900 a bakin ƙofa, 225 a kaurin bango, babu wani harafi a gefensu. Al'adar masu zane ce su rubuta komai da milimita don su kauce wa ɗigo, saboda ɗigo yana iya gogewa a takardar da ta sha ƙura da siminti. To 3600 ɗin nan santimita 360 ce, mita 3.6. Ƙofa santimita 90. Bangon 225 kuwa shi ne bulo inci tara da kowane magini ya sani, 150 shi ne inci shida. Rodin da ake kira sha biyu ko sha shida, kaurinsa ake nufi da milimita. Ku ɗauki tef ɗin ƙarfe ku duba: baki ɗaya inci ne, ɗaya bakin santimita, kowace santimita an tsaga ta gida goma, akwai ɗan dogon zane a tsakiya mai nuna biyar. Yaron magini da bai iya karanta bakin nan na biyu ba, zai daɗe yana ɗaukar kwano. Wanda ya iya, shi ake bar wa zane idan maigida ya fita.

Sannan akwai sikeli. Idan an rubuta 1:100 a ƙasan zane, santimita ɗaya a takarda tana nufin santimita 100 a ƙasa, wato mita ɗaya. Idan taswira ce mai 1:50,000, ka aza rula tsakanin ƙauyuka biyu ka sami santimita 7, sai ka ninka: santimita 350,000. Raba da ɗari, mita 3,500. Raba da dubu, kilomita 3.5. Juyi biyu ke nan a tambaya guda, kuma duk gusar da ɗigo ne.

Mu je asibiti. Iyayenmu mata ma'aikatan lafiya sun san ɗan tef ɗin nan mai launi uku da ake zagaya wa damtsen yaro, daga ɗan wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar, don gano tamowa. Ana lanƙwasa hannun yaro a nemo tsakiyar damtse tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, a saki hannun, a zagaya tef ɗin ba a matse ba kuma ba a sake ba, a karanta lambar da ta fito a 'yar tagar. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani, yaron yana buƙatar magani nan take. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya ne. Daga 125 zuwa sama kore. Wani tef ɗin da milimita aka rubuta shi, wani da santimita, ka ga 11.5 da 12.5. Abu ɗaya ne. Amma ku dubi tazarar: tsakanin ja da kore santimita ɗaya ce tak, faɗin farcen ƙaramin yatsa. 'Yar sa-kai da aka tura ƙauye, idan ba ta san 11.5 da 115 abu ɗaya ba ne, ko ta ga 11.2 ta ce ai kusan sha biyu ne, yaron da ya kamata a tura asibiti sai a mayar da shi gida. Shin bayan wannan akwai mai cewa darasin 'yan aji huɗu ne kawai?

Mu je gona. Malaman gona kan ba da shawarar a shuka masara da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, santimita 25 tsakanin shuka da shuka. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. Juya 75 ta koma mita 0.75, za ka sami kunya 133. Juya 25 ta koma 0.25, kowace kunya za ta ɗauki shuka 400. Jimla ta haura 53,000. Manomin da ya buɗa tazarar zuwa mita guda tsakanin kunyoyi ya rage kashi ɗaya cikin huɗu na shukarsa tun kafin ruwa ya sauka. Ruwan ma da milimita ake auna shi. Idan aka ce an yi ruwa milimita 20 daren jiya, kada a raina: milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo da faɗi lita ɗaya ce, don haka milimita 20 a hekta guda lita 200,000 ce.

Ga matasa masu son ƙwallo, ku ma ba a bar ku ba. Daga inda ake ajiye ƙwallo a bugun fanareti zuwa layin raga mita 11 ne. Faɗin raga mita 7.32, wato santimita 732. Mai tseren mita 10,000 kilomita goma yake gudu, zagaye 25 a filin mita 400.

Na biyar: idan tsawo ya haɗu da faɗi

Wannan kuskure har manya yana kayarwa. Tun da mita ɗaya santimita 100 ce, sai mutum ya ɗauka murabba'in mita ɗaya ma murabba'in santimita 100 ne. Ba haka ba ne. Tsawo ɗari, faɗi ɗari, ɗari sau ɗari 10,000. Shawarata ga masu sa tayil ita ce a juya kowane gefe tukuna, sannan a ninka. Ɗaki mai mita 4 da mita 3.6, tayil mai santimita 40 kowane gefe: 400 a raba da 40, goma, 360 a raba da 40, tara, tayil 90, sai a ƙara na fashewa da na yanka.

A cinikin fili abin ya fi zafi. Dillali zai ce fuloti hamsin da ɗari. Hamsin ɗin me? Ƙafa yake nufi, kuma ƙafa 50 da ƙafa 100 mita 15.24 ne da mita 30.48, kimanin murabba'in mita 465. Da a ce mita yake nufi, da filin ya zama murabba'in mita 5,000, rabin hekta, ya ninka na farko fiye da sau goma. Safiyo kuma da mita zai rubuta takardarsa. Wasu kan ce sha biyar da talatin don sauƙi, amma wannan 450 ne, an zaftare kusan murabba'in mita 15, wurin ɗaki guda. Shari'u nawa ne suke gaban alƙalai da masu unguwanni a kan taku biyu na iyaka? Iyayenmu da ke zaune a nan sun fi ni sani. Duk takardar cinikin da aka rubuta lamba ba a rubuta sunan magwajinta ba, an shuka rigima ga magada.

Na shida: yadi da inci ba su tafi ba

Ban zo in ce tela ya jefar da incinsa ba. A Kantin Kwari da yadi ake yanka shadda, kafinta yana neman ƙusa inci uku, kuma haka za a ci gaba. Abin da ake buƙata gada ce tsakanin awon biyu, kuma tun 1959 aka tsayar da ita: inci ɗaya santimita 2.54 ne daidai, ƙafa 30.48, yadi 91.44, mil kuwa kilomita 1.609. Yadi bai kai mita ba. Turmin atamfa mai yadi shida bai cika mita biyar da rabi ba. Wanda ya biya kuɗin mita goma aka yanka masa yadi goma, an rage masa fiye da santimita 85. A yadi ɗaya ba a gani, a dila guda kuwa jari ne. Kuma mun san gargaɗin da Alƙur'ani ya yi wa masu tauye awo a Suratul Muɗaffifina. Mai yanka yadi yana ciki kamar yadda mai mudu yake ciki.

Masu fatauci tsakaninmu da Nijar, ga wani abu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun gaji tsarin Faransa, da mita suke aiki tun zamanin mulkin mallaka, kuma a rubutunsu waƙafi ne yake tsayawa inda mu muke sa ɗigo. Idan suka rubuta 1,500 m, mita ɗaya da rabi suke nufi. Mu kuwa za mu karanta mita dubu ɗaya da ɗari biyar. A tambaya kafin a biya.

Malamanmu na addini ma suna wannan juyi. Nisan da ake yin kasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ne kamar yadda yake a Risala, amma ba mil ɗin Ingila ba ne, shi ya sa idan suka juya shi suke cewa kilomita tamanin da 'yan kai.

Na bakwai: roƙona

Ga 'yan'uwana malamai. Kada a koyar da wannan darasi a kan allo kaɗai. A yanko sanda mai mita ɗaya a jingine a kowane aji. A sa kowane yaro ya auna taƙinsa da kamunsa da takunsa ya rubuta a bangon littafi, don ya zama yana yawo da rula a jikinsa. A nuna masa katin cirar kuɗi, a ce kaurinsa bai cika milimita ɗaya ba. A fita da aji a taka kilomita guda a ƙafa, su ji cewa tafiyar kusan rubu'in awa ce. A sa su yi kintace kafin su auna. Yaron da ya yi wannan, idan lissafi ya ba shi cewa tsawon ƙofa mita 21 ne, da kansa zai ce a'a, ya koma ya nemo ɗigon da ya ɓata. Kuma kada a ba da cikakken maki ga amsar da ba ta da sunan magwaji.

Ga iyayen gidan sana'a, ku koya wa yaranku baki biyu na tef tun shekarar farko, kada ku bar shi sirrin maigida. Ga hukumar makaranta da iyayen yara, tef ɗin tela da rula ba su da tsada. A sa su cikin kayan da ake saya wa kowane aji a farkon zango mai zuwa.

  Na zo da tef biyu da ɗan tef ɗin damtse, suna nan kan tebur ga mai son gwadawa. Wanda yake da tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, ya faɗi sana'arsa, sai mu yi lissafin tare.